Tambayoyi da Amsoshi kan Matsalolin Na'urar Tef ta Tsofaffin Kwamfutoci

Masu neman bayani kan na'urar tef a yau, akasarinsu ba sabuwar ajiya za su yi ba, ceto suke nema. An buɗe kwali a sito, sai ga kaset-kaset na lissafin kasuwanci ko na rubutun digiri da aka ajiye tun shekarun 1990, ana son a san ko da sauran abin da zai fito. Amsoshin nan sun fi karkata ga na'urorin QIC da Travan, nau'i biyu na kaset ɗin ajiyar bayanan kwamfuta, waɗanda ake haɗawa da wayar fulofi ko kafar firinta a kwamfutocin 386 da 486 da Pentium. Idan kana gaggawa, ka karanta tambaya ta 3 zuwa ta 6 kafin ka saka kowane kaset.

1. Wace irin na'ura ake magana a kai, kuma yaya zan gane irin tawa?

Kamfanin 3M na Amurka ne ya fito da kaset ɗin QIC a 1972, mai zaren maganaɗisu (tef ɗin da ake rubuta bayanai a kai) da faɗinsa ya kai rubu'in inci. Wanda ya shiga gidaje da ƙananan ofisoshi shi ne ƙaraminsa, dangin DC2000, mai gindin alminiyom da murfin roba da ake hango zaren ta cikinsa. Na'urorin da suka fi yawa su ne Colorado Jumbo, da Iomega Ditto, da na Conner, Archive, Mountain da Wangtek. Kamfanin HP ya sayi Colorado Memory Systems a 1992, Seagate kuma ya haɗiye Conner a 1996, shi ya sa za ka ga na'ura iri ɗaya da suna biyu a goshi.

Juya bayanta ka ƙirga. Mahaɗi mai fil 34 na wayar fulofi ne. Idan na'urar a akwatinta take a waje, da mahaɗi mai fil 25, ta kafar firinta ce, sai ka duba tambaya ta 16. Mai fil 40 ta IDE ce, mai fil 50 kuma SCSI. Waɗannan biyun direbobinsu daban ne, amma duk abin da aka faɗa kan roba da bel da zare ya shafe su.

2. An rubuta 250MB a jikin na'urar, me ya sa kaset ɗin ba ya ɗaukar sama da 120?

Talla ce. Masu sayarwa sukan ninka ainihin adadin sau biyu bisa zaton cewa manhaja za ta matse bayanai su koma rabi. Jumbo 250 na'urar QIC-80 ce, kaset ɗin DC2120 mai zare ƙafa 307.5 kuwa kimanin 120MB yake ɗauka. Haka Travan: TR-1 ainihinsa 400MB ne ana sayar da shi da sunan 800, TR-3 kuma 1.6GB ne ana ce masa 3200. Rubutu yakan matsu sosai, amma fayil ɗin ZIP ko hoton JPEG an riga an matse shi, ba ya ƙara raguwa.

Abin da ya fi wannan amfani shi ne sanin wa ke karanta wa. Na'urar QIC-80 tana karanta kaset ɗin QIC-40. Na QIC-3010 da QIC-3020 galibi suna karanta QIC-80 amma ba sa rubutu a kai. Tsohuwa ba ta karanta na sabuwa. Sai kuma kaset-kaset na Irwin masu tsarin AccuTrak: a ido kamar sauran suke, amma tsarinsu nasu ne su kaɗai, sai da na'urar Irwin da manhajarta.

3. Na sami na'ura, ga kaset ɗina a hannu. In saka in gwada?

Kada ka saka. A nan ne aka fi yin asarar da ba ta gyaruwa. Shawarwarin da aka rubuta a shekarun 1990 duk a kan IRQ da DMA (lambobin hanyoyin da na'ura ke magana da kwamfuta) da direba (manhajar da ke tafiyar da na'urar) suke, domin a lokacin robar na'urorin sabuwa ce. Yau shekara talatin ke nan, kuma mafi yawan abin da ake ɗora wa direba laifinsa, roba ce ta mutu. Kuskuren direba ba ya lalata kaset, ko sau ɗari ka yi shi sai ka sake gwadawa. Narkakkiyar rola kuwa ko tsinkakken bel, cikin daƙiƙu suke gama da shi.

Ka fara da ja maɓallin kariya da ke kusurwar kaset ɗin, wanda aka rubuta RECORD a kai, ka mayar da shi ɓangaren da na'ura ba za ta iya rubutu ba. Daga nan ka duba rolar na'urar kamar yadda ya zo a tambaya ta 4, ka duba bel ɗin kaset a ta 5, ka goge idon na'urar a ta 6. Gwajin farko da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba za ka yi. Idan daga sito mai zafi ka ɗauko su, ka bar su su kwana a ɗakin da za a yi aikin kafin ka juya su.

4. Na leƙa cikin na'urar, na ga wata baƙar taya ta yi danƙo kamar kwalta. Mece ce?

Rolar da ke jikin motar na'urar ce. Ita ce ke gogar wata rolar da ke bakin kaset, wadda ita kuma ke jan bel ɗin ciki. Robar da aka yi ta da ita tana ruɓewa da daɗewa, zafi kuma yana hanzarta hakan; na'urar da ta yi bazara ashirin a ƙarƙashin rufin kwano da wuya rolarta ta tsira. Taɓa ta da tsinken auduga. Idan ta lotsa ba ta dawo ba, ko ta bar baƙi a audugar, ta gama aiki. Wata kuma ba narkewa take yi ba, bushewa take yi ta yi santsi, sai ka ji mota na juyawa zare bai motsa ba.

Ana gyarawa. A kankare tsohuwar robar tas daga ƙarfen, a wanke da sifirit, a yanko guntun tiyon roba ko na silikon mai matse ƙarfen sosai a zura. Wurin da ake kuskure shi ne kauri. Na'urar juyin motarta take ƙirgawa, ba gudun zaren ba, saboda haka idan sabuwar rolar ta fi ta asali kauri zaren zai yi gudu fiye da kima, idan ta yi siriri ya yi nawa, kuma duka biyun kuskuren karatu za su haifar maka, ka yi ta zargin kaset. In akwai wata na'ura irinta mai lafiyayyiyar rola, ka auna tata. Tsofaffin masu gyaran rediyon kaset da bidiyo sun san wannan aikin fiye da masu gyaran kwamfuta na yanzu.

5. Zaren kaset ɗin ya yi sako-sako, ko kuma na ga bel ya tsinke a ciki. Shi ke nan?

A kaset ɗin QIC ba a juya kwarkwaron zare kai tsaye kamar a kaset ɗin rediyo. Siririn bel ne mai talewa yake zagayo ta rolar gaba da ƙananan roloji biyu na kusurwa, yana danne da bayan naɗin zaren a kwarkwaro biyun. Shi ke jan zaren, shi ke kuma ɗame shi. Da ya tsufa sai ya saki ko ya tsinke. Mafi muni shi ne ya manne da zaren a inda ya shekara yana danne, ranar da aka juya sai ya ɓamɓaro fatar maganaɗisun da bayanai ke kai. Ɗaga zaren ga haske: inda ka ga haske na ratsawa, bayanan wurin sun tafi.

Canja bel aiki ne na haƙuri. Ɗauki hoton cikin kaset ɗin kafin ka kwance sukurori biyun da ke gindinsa, domin hanyar da bel ya bi tana ruɗarwa. Ka ɗaga murfin a hankali, roloji ba a ɗaure suke ba. Idan bel ya manne kada ka fizga, ka bi shi kaɗan-kaɗan. Madadi mafi kyau shi ne bel daga wani kaset mai girma ɗaya wanda nasa ke da sauran ƙarfi. Masu wannan sana'a a ƙasashen waje suna amfani da wata robar ɗaure takardu mai suna Plastibands, kuma tana kai mutum ga karatu ɗaya ko biyu, wanda shi ake bukata. Robar ɗaurin kuɗi ta kasuwa ba ta yi: ta yi kauri, kuma tana barin danƙo.

Bayan ka rufe, juya rolar gaba da yatsa ka ga ko zaren na tafiya a ɗame ba tare da tattarewa ba. Sai ka ga haka sannan ka kai shi na'ura.

6. Zaren ya ƙare gaba ɗaya a kwarkwaro ɗaya, bakinsa na lilo. Tsinkewa ya yi?

Akasari ba tsinkewa ba ce. Dama bakin zaren ba a manne yake da kwarkwaro ba, naɗi ne kawai ke riƙe da shi. Kusa da kowane ƙarshe an huda ƙananan ramuka. Na'urar tana haska fitila ta wani ɗan madubi da ke cikin kaset, idan hasken ya ratsa ramukan ya faɗa kan idonta sai ta san ta zo ƙarshe, ta tsaya. Ƙura ta rufe fitilar ko idon, na'urar ba za ta ga ramukan ba, sai ta ja zaren har ya fita. Ƙurar hunturu ɗaya ta isa. Hura iska a wurin, ka goge da auduga mai ɗan sifirit, ka goge madubin kaset ɗin ma.

Wajen mayarwa, buɗe kaset ɗin, ka bi da zaren ta gaban sandunan da ke saita shi, ka ɗan jiƙa bakinsa da ɗigon ruwa don ya kama kwarkwaron, sannan ka juya rolar gaba da hannu har duk ramukan su wuce, ka ƙara naɗi da dama. Ban da gam, ban da salatif. Kuma kada ka mayar da shi cikin na'urar da ta zare shi sai ka gwada ta da wani kaset ta kai ƙarshe ta dawo lafiya.

7. BIOS ba ta ganin na'urar, kuma babu harafinta kamar A: ko C:. Ta lalace ne?

Haka take. Na'urar tef ba faifai ba ce, ba ta samun harafi, manhajar ajiya ce kaɗai ke magana da ita. A cikin BIOS ka bar gurbin B: a kan None. Idan ka sa mata 1.44MB kwamfutar za ta yi ta neman fulofin da babu, ta ba ka kuskure tun wajen tashi. Abin da za ka tabbatar kawai shi ne kwantirolar fulofi ta jikin allon a kunne take.

8. Yaya ake haɗa wayar, tunda fulofina na kan wayar nan?

Waya ɗaya suke rabawa. A wayar fulofi ta PC an murɗe layuka na 10 zuwa 16 kusa da ƙarshe, mahaɗin da ke bayan murɗin na A: ne. Na'urar tef galibi tana zama a mahaɗin da ke kafin murɗin. Na Colorado kan zo da wata gajeriyar waya mai reshe don mai fulofi biyu, domin irinsu ba sa bukatar lambar zaɓi ta kansu, manhaja ce ke tashin su da wani umarni na musamman. Wasu na'urorin kuma jampa gare su ta DS0 zuwa DS3, sai ka tabbata ba ta yi karo da ta fulofi ba.

Jan layin da ke gefen wayar shi ne fil na 1 a kowane mahaɗi. Idan fitilar fulofi ta kama tun kunnawa ta ƙi mutuwa, an juya wayar a wani wuri. Na'ura mai lafiya, ko babu wayar bayanai, da an ba ta wuta an tura kaset za ka ji ta ja zaren gaba da baya tana neman ramukan farko. In ba ta yi haka ba, matsalar ta wuta ce ko ta mota, ba ta direba ba. Auna bolt 5 da bolt 12 a filogin.

9. Zan iya haɗa ta da kwamfutar zamani ta hanyar fulofin USB?

Ba zai yiwu ba, kuma dalilin yana da ban sha'awa. Ƙa'idar QIC-117 dabara ce aka yi wa kwantirolar fulofi. Layin da ake tura kan fulofi gaba da shi, shi ake bugawa sau kaza, na'urar tef ta ƙirga bugun ta gane umarnin. Amsa kuma ta layin da fulofi ke cewa ya iso layi na sifili take dawowa, ɗigo-ɗigo. Fulofin USB ba ya ba kwamfuta ikon taɓa waɗannan layukan. Dole sai allo mai kwantirolar fulofi ta gaske. Kwamfutar zamanin Pentium zuwa Pentium III ta fi dacewa, musamman mai gurbin katin ISA.

10. Da wace manhaja zan karanta kaset ɗin?

Wadda ta rubuta shi, idan an san ta. A DOS akwai Colorado Backup, da Central Point Backup, da Norton Backup. MSBACKUP na MS-DOS 6 ba ya aiki da tef ko kaɗan. Windows 95 ya zo da Microsoft Backup mai gane QIC-40 da QIC-80 da QIC-3010, na Windows 98 kuma kamfanin Seagate Software ne ya rubuta shi, ya fi gane na'urori da yawa. Akwai ƙa'idar QIC-113 da aka yi don manhajoji su riƙa karanta kaset ɗin juna, amma kowane kamfani ya yi nasa ƙarin, musamman wajen matse bayanai da dogayen sunayen fayil. Windows NT tsarinsa daban ne, kaset ɗinsa ba ya karantuwa a manhajojin DOS.

Idan manhaja ta ce kaset ɗin ba a yi masa fomat ba, ko ba ta san tsarinsa ba, ta nemi ka yarda ta yi fomat ko ta goge, ka ce a'a. Ma'anar saƙon sau da yawa ita ce ba ita ta rubuta shi ba, ko kuma ta kasa karanta farkon zaren. Duba tambaya ta 17 da ta 19.

11. A DOS manhajar tana ganin na'urar, amma aiki na tsayawa da kuskuren DMA. Me zan yi?

Kwantirolar fulofi tana amfani da IRQ 6 da DMA 2 da adireshin 3F0. Fulofi kan karanta kaɗan ya huta, tef kuwa kwarara yake yi ba tsayawa, don haka ɗan jinkirin da fulofi ba zai ji ba, tef zai ji shi. Fara da tashi mai tsabta: a MS-DOS 6 danna F5 lokacin tashi don a tsallake CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT. Idan aikin ya tafi, to ɗaya daga cikin manhajojin da ke zaune a memori ce, sai ka yi amfani da F8 ka riƙa shigar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin.

EMM386, manhajar DOS mai kula da memori, yana yawan shiga ciki domin wurin da yake ware wa DMA ƙarami ne. Ƙara D=64 a ƙarshen layinsa a CONFIG.SYS yakan warware. Idan manhajar na da zaɓin gudun DMA, rage shi zuwa mafi ƙasa. Wasu tsofaffin manhajojin kuma da madaukin ƙirge suke auna lokaci, sai su rikice a kan kwamfuta mai sauri. Kashe kash na cikin masarrafi a BIOS yana rage mata gudu ta koma daidai da su.

12. Na'urar QIC-3020 ko TR-3 ta ƙi aiki a kwamfutar da QIC-80 ke aiki lafiya. Me ya bambanta su?

Gudun kwantirola. Tsofaffin kwantirololi dangin NEC 765 ba sa wuce kilobit 500 a daƙiƙa, wanda ya ishi QIC-80. QIC-3020 da TR-3 kuwa sai megabit 1 zuwa sama. Kwantirola irin Intel 82077 tana kai megabit 1 kuma tana da ɗan ma'aji na bait 16 da ke rage kuskuren DMA. 82078-1 tana kai megabit 2. Idan BIOS ɗinka na da zaɓin fulofi mai 2.88MB, alama ce kwantirolar na iya megabit 1.

Saboda wannan ne aka riƙa sayar da katin ƙarin gudu, irin su Colorado FC-10 da FC-20 da Iomega Ditto Dash. FC-10 yakan zo a saite kan adireshi 180 da IRQ 9 da DMA 3, kuma duka biyun na ƙarshe wuraren rigima ne. IRQ 9 ɗaya yake da IRQ 2 a waɗannan kwamfutoci, inda katin sauti mai MPU-401 da wasu katunan netwok ke zama. DMA 3 kuma kafar firinta na kama shi idan tana kan ECP. Canja jampa a katin, ka faɗa wa manhajar sabbin lambobin, sannan a BIOS mai PnP ka keɓe su ga ISA don kada a ba wani katin.

13. A Windows 95 ko 98 na'urar ta ɓace bayan na sa sabuwar manhajar ajiya.

Kowace manhaja tana zuwa da direbanta, kuma biyu ba sa zama lafiya a kan kwantirola ɗaya. Cire duka, ka sake tashin kwamfutar, ka sa ɗaya tak. Direbobin Seagate da ke tare da Windows 98 suna cikin WINDOWS\SYSTEM\IOSUBSYS: DRVWQ117.VXD na tef ɗin wayar fulofi, DRVWPPQT.VXD na kafar firinta, da DRVWCDB.VXD. Sukan rage a wurin ko bayan an cire manhajar. Canja musu ƙarshen suna zuwa .OLD ya fi gogewa, domin kana iya mayarwa. Na kafar firintar ya yi ƙaurin suna wajen hana sikana da firinta aiki, ko a kwamfutar da ba ta taɓa ganin tef ba. Lokacin karatu kuma ka kashe abin rufe fuskar kwamfuta da manhajar kashe wuta da riga-kafin bairos.

14. Na'urar tana gaba tana baya a wuri ɗaya, ba ta ci gaba. Lafiya?

Ɗaya daga biyu ne. Ko kwamfutar ba ta kwashe bayanai da saurin da zaren ke kawo su, sai na'urar ta tsaya ta koma baya ta sake ɗaukar gudu. Ko kuma ta kasa karanta wurin tana maimaitawa. Idan ko'ina a zaren take yi, kwamfutar ce, sai ka koma tambaya ta 11 da ta 15. Idan wuri ɗaya ne, hed, wato kan da ke karanta zaren, ne ya yi datti ko zaren ya ji rauni. Kada ka bar ta ta yi ta gurzar wurin na minti goma, kowace wucewa cin fatar zaren take yi. Tsayar, ciro kaset, goge hed da sifirit mai ƙarfi irin isopropyl, bar shi ya bushe. Tsohon zare yana zubar da gari, saboda haka gogewa bayan kowane kaset ba ta yi yawa ba.

Ka kuma san aikin da ma mai nawa ne. A kilobit 500, iyakar abin da zai wuce bai fi kilobait 62 a daƙiƙa ba, wato cikakken kaset mai 120MB zai haura rabin awa ko babu tangarɗa. Ka sa UPS, don wuta ta ɗauke a tsakiya na nufin sake juya zaren daga farko.

15. Yaya ake yi a Linux?

Direban shi ne ftape, wanda Bas Laarhoven ya daɗe yana riƙe da shi, daga baya Claus-Justus Heine ya karɓa ya haɗa da zftape. An cire shi daga kenel a 2.6.20 a shekarar 2007, don haka hanya mafi sauƙi ita ce tsohon Linux mai kenel 2.4, kamar Red Hat 9 ko Debian 3.1. Bayan modprobe ftape da modprobe zftape, na'urar na bayyana a /dev/qft0 mai mayar da zare farko bayan kowane aiki, da /dev/nqft0 marar mayarwa. In babu su, mknod /dev/nqft0 c 27 4 zai samar da na biyun. Umarnin mt -f /dev/nqft0 status zai nuna ko ana magana da na'urar, dmesg kuma zai faɗi sunanta da gudun da aka zaɓa.

Kurakurai uku ne ke yawan dawowa. Na farko, direban ya ƙi shiga yana kukan memori alhali akwai ta da yawa: DMA na ISA ba ya ganin sama da 16MB na farko kuma ba ya tsallake iyakar 64KB, ftape kuwa yana son gurabe uku na 32KB kowanne a haɗe. Bayan kwamfuta ta jima tana aiki ba a samun su, sai ka shigar da shi tun wajen tashi. Na biyu, ya ce na'urar na cikin aiki: akwai fulofi a ɗaure, kuma ba a amfani da su biyun lokaci guda. Na uku, kai-da-komon da aka yi bayani a tambaya ta 14: fita daga X, wato fuskar Linux mai tagogi, ka yi aikin a baƙin allo, domin wasu katunan hoto na PCI suna riƙe hanyar bayanai su hana DMA wucewa. Umarnin hdparm -u1 /dev/hda ma yana taimakawa, amma ban da allo mai kwantirolar CMD640 ko RZ1000, a kansu yana iya ɓata bayanan faifai.

16. Tawa ta kafar firinta ce. Akwai abin da ya bambanta?

Irin su Colorado Trakker da Ditto Easy 800 da Backpack, na'urar ciki ɗaya ce da ta fulofi, an dai ƙara mata allon fassara. Cire firinta daga bayanta lokacin gwaji, ka yi amfani da wayarta ta asali, don wasu wayoyin masu fil 25 ba duk layukan aka haɗa ba. A BIOS kafar ta kasance a 378 da IRQ 7. Gwada EPP, idan ta ƙi ka koma SPP, wanda ya fi nawa amma ya fi tabbas. Tsohon Sound Blaster ma IRQ 7 yake zama, sai a mayar da shi 5. Wayar USB ta firinta ba ta yi. A Linux kuma ftape na cikin kenel bai san waɗannan ba, sai jerin 4.x da ake haɗawa daban.

17. Ana samun kuskuren karatu a wasu wurare. Nawa ne zai iya dawowa?

Fiye da yadda ake zato. An raba zaren gida-gida, kowane gida sassa 32 ne masu bait 1024, 29 na bayanai, 3 na gyaran kuskure da lissafin Reed-Solomon. Ko sassa uku sun mutu a gida ɗaya ana dawo da su cif. Gidan farko mai lafiya shi ne kan kaset, inda aka rubuta tsarinsa da taswirar wuraren da suka lalace, kuma akwai kwafinsa a gaba kaɗan. Matsalar ita ce yawancin kaset a farkon zare aka ajiye su, nan ne kuma bel ya fi yin ɓarnar da aka ambata a tambaya ta 5. Da yake layukan rubutu gaba da baya suke bi, 28 a QIC-80, rauni ɗaya a zaren yakan taɓa layuka da yawa.

Idan bel lafiya yake, yi wa kaset ɗin retension sau ɗaya, wato a ja zaren har ƙarshe a dawo da shi don naɗin ya daidaita. Kuma ka gwada wata na'urar. Hed ɗin kowace na da ɗan karkacewarsa, sau da yawa abin da wannan ta kasa waccan ta karanta.

18. Zan iya goge tsohon kaset da maganaɗisu in sake amfani da shi?

QIC-40 da QIC-80 da QIC-3010 da QIC-3020 na'urar da kanta tana yi musu fomat, sai dai aikin na cin awa ɗaya zuwa sama. Kaset ɗin Ditto 2GB da Ditto Max kuwa daga masana'anta ake tsara su, na'urar ba ta iya sakewa, idan ka goge su da maganaɗisu sun tashi daga aiki. A ganina ma babu dalilin sabuwar ajiya a kan zaren da ya shekara talatin. Fomat ɗin da ke da amfani a yau shi ne na kaset ɗin gwaji, don ka tabbatar na'urar na rubutu da karatu.

19. Ban san manhajar da ta rubuta kaset ɗin ba. Ta ina zan fara?

Kwafe shi ɗanye tukuna, ka yi binciken a kan kwafin. A Linux, /dev/nrawqft0 yana ba da bayanan zaren ba tare da kula da rabe-raben ajiya ba; karanta shi da dd tare da conv=noerror don kada ya tsaya a kuskuren farko, ka ajiye fayil ɗin a wuri biyu. Daga nan kaset ɗin ya koma kwalinsa.

Buɗe kwafin da manhajar duba bait. Haruffan VTBL kusa da farko suna nuna teburin ajiya irin na manhajojin DOS da Windows 95 da 98. Kowace shigarwa bait 128 ce, a ciki akwai sunan da aka ba ajiyar da ranarta da alamar ko an matse ta, kuma vtblc na cikin ftape-tools yana jero su. Idan ka ga TAPE, sai SSET da VOLB da DIRB da FILE, tsarin Microsoft Tape Format ne na Windows NT da Backup Exec. Kalmar ustar a bait na 257 daga farkon ajiya tana nuna tar, wanda kowane Linux na yau zai kwance. Ajiyar DOS da ba a matse ba, sunayen fayil da abin da ke cikinsu a fili suke, ana iya yanko su da hannu. Wadda aka matse galibi da tsarin QIC-122 na kamfanin Stac ne, sai da manhajar da ta san shi, ko dai ta asalin a kan tsohuwar kwamfutar, ko wata da aka rubuta don kwance irin wannan kwafin. Idan an sa wa ajiyar kalmar sirri, wasu manhajojin DOS a tebur kawai suke rubuta ta ba tare da sun sirranta bayanan ba, don haka ka duba ɗanyen kwafin da kyau kafin ka tafi neman wanda ya sa ta.